Idan Zauren Aiki Ya Yi Kunnen Uwar Shegu Da Umarnin Mai Shi

Na san da ganin kan wannan rubutu wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, ɗalibin Hausa da zancen ginin manhajar kwamfuta. To, a yi mini haƙuri zuwa tsakiyar bayanin, za a ga inda ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta maƙale a cikin lamarin. Abin da nake son mu duba shi ne wata ɗabi'a ta wasu kayan aikin da ake rubuta manhaja da su. Sukan ba mutum wuri su ce ya rubuta umarninsa a nan, ya rubuta, sannan su ci gaba da aikinsu ba tare da sun leƙa abin da ya rubuta ba, kuma ba su gaya masa cewa ba su leƙa ba. A nawa ra'ayin, laifin wannan abu yana wuyan wanda ya ƙera kayan aikin, duk da cewa an saba ɗora shi a kan mai amfani da sunan wai bai karanta bayani ba.

Da farko bari mu share fage domin waɗanda ba fanninsu ba ne. Manhaja, kafin ta zama abin da ake latsawa ya buɗe, rubutu ce zalla. Mutum ne yake zama ya tsara umarni da wani harshe na musamman, kamar Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a shekarar 1995. Na'ura ba ta jin wannan rubutu kai tsaye, sai an juya mata shi zuwa abin da take ganewa. Manhajar da take yin wannan juyi, bari mu kira ta tafinta. Amma fa juyin ba shi kaɗai ne aikin ba. Akwai kwafe hotuna da fayilolin saƙonni zuwa inda ya dace, akwai buga lambar fitowa, akwai gwaji, akwai kuma ƙunshe komai cikin fayil guda wanda za a miƙa wa mai amfani. Waɗannan matakai gaba ɗayansu su ake kira gini. Tun da babu wanda zai iya riƙe su a ka kullum ba tare da ya tsallake ɗaya ba, sai aka riƙa rubuta su a cikin wani fayil a jere, wannan kafin wancan. Shi ne zan riƙa kira takardar gini.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a 1976 wani masani mai suna Stuart Feldman, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya ƙirƙiro manhajar Make domin karanta irin wannan takarda da aiwatar da ita. A shekarar 2000 aka fitar da Ant, wadda James Duncan Davidson ya fara rubutawa, domin masu aiki da Java, kuma sunan takardarta build.xml. Daga baya Maven ta zo a 2004, Gradle ta biyo bayanta. Manufarsu duka ɗaya ce: duk wanda ya ɗauki aikin, a kowace kwamfuta, idan ya bi takardar ya sami sakamako iri ɗaya da na ɗan'uwansa.

Sai dai yawancin ɗalibai ba sa haɗuwa da takardar gini ido da ido. Abin da suka sani shi ne wata babbar manhaja da ta tara musu komai wuri guda, wurin rubutu, da tafinta, da abin farautar kuskure, da wani koren maɓalli da ake latsawa manhaja ta tashi. Wannan shi nake kira zauren aiki. Fitattu daga cikinsu su ne NetBeans da Eclipse da IntelliJ IDEA. Zan fi zama a kan NetBeans, domin a wurinsa ne matsalar ta fi fitowa fili, kuma tarihinsa ma abin sha'awa ne ga ɗalibi. A 1996 wasu ɗaliban jami'a ne suka fara shi a Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek. Kamfanin Sun ya saye shi a 1999, ya saki rubutunsa ga kowa a 2000. Oracle ya gaje shi a 2010 da ya sayi Sun, sannan a 2016 ya miƙa shi ga gidauniyar Apache, wadda take riƙe da shi har yau.

A ƙarshen 2004, da zubi na 4.0 ya fito, masu NetBeans sun yi wani abu da ya cancanci yabo. Sun mai da Ant ita ce ƙashin bayan kowane aiki. Idan ka buɗe sabon aiki, zauren zai rubuta maka fayiloli biyu. Na farko, build-impl.xml, yana cikin wata jaka mai suna nbproject, kuma a samansa an yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada ka taɓa shi, ka je ka gyara ɗayan. Ɗayan shi ne build.xml, wanda yake naka halak malak. A cikinsa akwai dogon bayani da ya lissafo gurabun da aka bari fanko domin ka cika: gurbin kafin a fara komai, gurbin kafin juyi, gurbin bayan juyi, gurbin kafin a ƙunshe, da na bayan an ƙunshe. Sunayensu irin su -pre-compile da -post-compile da -post-jar. Har misalin yadda za ka yi an ba ka. Wato zauren da bakinsa ne ya gayyace ka, ya ce ga kujera, faɗi abin da kake so a yi.

Shekara huɗu ana tafiya a haka. A watan Nuwamba na 2008 zubi na 6.5 ya fito da wani sabon tsari, wanda a allon aka rubuta sunansa Compile on Save, ma'ana a juya rubutu da zarar an adana shi. Dabarar ita ce, zauren yana da nasa tafinta na cikin gida, wanda dama yake karanta rubutunka kana cikin bugawa domin ya ja jan layi a ƙarƙashin kuskure. Sai aka ce, tun da ya riga ya karanta, me zai hana ya zuba abin da ya juya kai tsaye cikin jakar sakamako, ya kuma kwafe sauran fayiloli can? Ta haka idan ka latsa F6 domin manhajarka ta tashi, ba sai an jira Ant ta bi matakai ɗaya bayan ɗaya ba. Nan take za ta tashi. Kuma a lokacin sabon aiki yakan zo ne da wannan tsari a kunne.

Ga inda gizo yake saƙar. Tun da ba a bi ta kan build.xml ba, duk abin da ka rubuta a waɗancan gurabu yana nan zaune, babu wanda ya aiwatar da shi. Manhajar kuwa ta tashi lafiya lau a idonka. Ba a sami ja ba, ba a sami ƙara ba. Sai fa idan ka zaɓi a share a sake gini daga tushe, wato Shift da F11, sannan ne Ant za ta farka ta bi takardarka. Ke nan aiki ɗaya ya zama yana da hanyar gini biyu, kuma kowace tana iya ba da sakamako dabam.

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi game da ƙugiya. Mu da muke nazarin Hausa a wannan ɓangare na ƙasar, ba mu da yawa, saboda haka duk lokacin da ɗan sashen kimiyyar kwamfuta yake son manhajarsa ta yi magana da Hausa, mu ake nema. A ce wata ɗaliba tana rubuta ƙaramar manhaja ta lissafin kaya domin 'yan kasuwar albasa da tumatir, tana son maɓallai da saƙonni su fito da Turanci da Yarabanci da Hausa. A tsarin Java, irin waɗannan saƙonni ana ajiye su ne a wasu fayiloli masu ƙarewa da .properties, kowane harshe da nasa. Har zuwa Java 8, wadda ta fito a 2014, ana karanta waɗannan fayiloli ne da wani tsohon tsarin haruffa mai suna ISO-8859-1. Gurbi 256 kacal gare shi, kuma domin harsunan yammacin Turai aka tsara shi. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y.

Mafitar da aka tanada a lokacin ita ce wani ɗan kayan aiki mai suna native2ascii. Aikinsa shi ne ya bi fayil ɗin ya maye kowane baƙon harafi da lambarsa ta Unicode. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuma 0253. Saboda haka kalmar ƙasa sai ta koma \u0199asa a cikin fayil, idan manhaja ta tashi kuma ta mai da ita ƙasa a allo. Babu mai fassarar da zai yarda ya zauna yana buga lambobi a madadin haruffa. Abin da hankali zai ɗauka shi ne mu rubuta Hausarmu yadda take da tsarin UTF-8, ita kuma ɗalibar ta sa umarni a takardar gini cewa bayan juyi a bi fayilolin da native2ascii. Ant tana da wannan umarni a shirye. Layi uku ko huɗu ne a gurbin -post-compile, shi ke nan.

To, ta rubuta, ta adana, ta latsa F6. Zauren ya kwafe fayil ɗin Hausa ɗanye yadda yake, bai bi ta kan umarninta ba. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan bayit biyu yake ci, shi kuwa tsohon tsarin yana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Sai ƙ ta fito a matsayin Æ tare da wata alama da ko dai ba a ganinta ko ta fito kamar ɗan akwati. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗ da ɓ, domin bayit ɗinsu na farko ɗaya ne, dukkansu É suke komawa. Wato ɗari da ɓari duk Éari za a gani. A manhajar lissafin kuɗi, ɗan'uwa mai karatu, ka ga ai ba ƙaramin abu ba ne a kasa bambanta ɗari da ɓari.

Me ɗalibar za ta yi tunani? Za ta koma ta duba umarninta, ta ga daidai yake. Za ta sake rubuta shi ta wata siga. Za ta matsar da shi daga wannan gurbi zuwa wancan. Duk a banza, tun da babu mai karantawa. Wataƙila cikin lalube ta share ta sake gini daga tushe, ta buɗe abin da ya fito ta ga haruffa sun zauna daram, ta yi murna ta ce ta gano bakin zaren. Gobe ta gyara kalma ɗaya ta adana, zauren ya sake zuba nasa kwafin, Æ ta dawo. Cutar da take zuwa tana tafiya ita ce ta fi wahalar da likita. Haka kwana biyu ko uku za su salwanta, ga ranar miƙa aiki tana matsowa.

Akwai wani ƙarin abu da yake dagula lissafi. Shi wannan zaɓi na kunnawa ko kashewa, NetBeans yana ajiye shi ne a wani fayil mai suna private.properties, cikin jakar da aka ware domin saitin mutum shi kaɗai. Bisa al'ada ba a tura wannan jaka ga abokan aiki. Saboda haka mutum biyu suna iya riƙe da aiki ɗaya, harafi da harafi, amma a kwamfutar ɗaya Hausa ta fito tsaf, a ta ɗayan ta fito a hargitse. Daga nan sai musu, sai zargin juna. Kuma a ƙarshe a kan wa zargin yake sauka? A kan mai fassara da haruffansa. Sai ka ji an ce, don Allah a cire waɗannan ƙugiyoyi, su ne suke ɓata mana aiki, ai ko babu su ana ganewa. Haka maraba da baƙi yake komawa maraba da baki, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Harshe ya yi asara saboda kuskuren da ba nasa ba, kuma wanda ya yanke hukuncin bai ma san ainihin abin da ya faru ba.

Domin adalci, dole in faɗi cewa wannan misali na haruffa ya sami sauƙi. Java 9, wadda ta fito a watan Satumba na 2017, ta fara karanta fayilolin saƙonni da UTF-8, aka ma cire native2ascii daga cikin kayanta. Java 18 ta 2022 kuma ta mai da UTF-8 tsarin da ake bi idan ba a ambaci wani ba. Amma har yanzu akwai ayyuka da yawa da suke zaune a kan Java 8, kuma ko babu su, ƙugiya misali ce kawai. Duk wani mataki da mutum ya ƙara da hannunsa yana cikin wannan haɗari: buga lambar fitowa, samar da wani sashe na rubutu daga wani fayil, kwafe ƙamus ko jadawalin farashi, sauya adireshin rumbun bayanai daga na gwaji zuwa na gaske. A misalinmu ma an yi sa'a, domin ɓarnar tana bayyana a allo. Idan aka juya lamarin ya fi muni, wato abin da zauren ya nuna maka yana aiki lafiya, ka gwada shi sau ɗari, alhali fayil ɗin da za ka miƙa wa malami ko mai saye ta ɗaya hanyar aka gina shi, kuma ba ka taɓa gwada shi ba.

Na san hujjar masu kare wannan tsari, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa sauri. Mai rubuta manhaja yakan gyara ya gwada sau da dama a cikin sa'a guda. Idan kowane gwaji sai ya jira an bi takardar gini daga farko, hankalinsa zai watse kafin manhajar ta tashi. Mu da muke aiki da tsofaffin kwamfutoci na hannu, batir ya gaji, ga ɗauke wuta ba sallama, mun fi kowa sanin darajar daƙiƙa talatin. Suna kuma cewa yawancin masu amfani ba sa taɓa build.xml har abada, to don me za a jinkirta wa mutum tara saboda mutum ɗaya? Sannan suna cewa an rubuta a takardun bayani cewa mai umarni na musamman ya kashe tsarin, kuma kashewar ba ta wuce cire alama ɗaya daga wani ɗan akwati ba.

Duk na yarda da waɗannan, kuma ban ce a soke saurin ba. Inda na rabu da su shi ne batun shiru. Ka ɗauka maigida ya kafa akwatin ƙorafi a ƙofar ma'aikata, ya rubuta a jikinsa cewa kowa ya jefa takardarsa za a duba, alhali ya san ya daina buɗe akwatin. Idan wani ya zo yana kuka, sai ya ce ai an sanar a shafi na arba'in na littafin dokoki cewa yanzu ba a buɗewa sai ranar sharar ofis. Wa zai ce maigidan nan ya kyauta? Bayanin da ke cikin build.xml shi ne abin da mutum yake gani a daidai lokacin da yake rubuta umarninsa. Gaskiya ne akwai ɗan gajeren gargaɗi a saman fayil ɗin, amma ya dace ya fito a allo ma lokacin da aka latsa koren maɓalli. Wanda bai san akwai hanya ta biyu ba, ta yaya zai je neman bayani a kanta? Mutum ba ya cigiyar abin da bai san ya ɓace ba.

Kuma ba za a ce zauren ba shi da hanyar sanin an taɓa takardar ba. A cikin jakar nbproject akwai wani fayil mai suna genfiles.properties, inda NetBeans yake ajiye wata lambar tantancewa ta build.xml. Amfaninta shi ne ya gane ko mai aikin ya yi gyara a ciki, domin kada ya rubuta sabo a kan nasa. Wato ya san lokacin da ka sa hannu. Mai wannan sani, abin da ya kamace shi tun ranar farko shi ne da zarar lambar ta sauya ya tsaya ya tambaya: na ga ka ƙara umarni, in bi takardarka ko in ci gaba da gajeriyar hanya? Tambaya ɗaya, sau ɗaya. Mutum taran nan da ba su taɓa fayil ɗin ba, ba za su taɓa ganinta ba, saurinsu yana nan. Na goman kuwa an cece shi daga kwana uku na lalube a duhu.

Kada a ɗauka NetBeans kaɗai nake yi wa wannan magana. Eclipse, wanda IBM ya saki a 2001, nasa ya ma fi nisa, domin tun asali yana da tafintansa na kansa da yake gini duk lokacin da aka adana, yana bin nasa fayilolin saiti. Ko da build.xml tana zaune a tsakiyar aikin, ba ruwansa da ita sai ka je da kanka ka shigar da Ant cikin jerin maginansa. Bambancin dai shi ne, shi bai taɓa cewa zai bi ta ba. Masu rubuta manhajar wayoyin Android sun ɗanɗana wannan na tsawon shekaru. A lokacin da ake amfani da Eclipse wajen wannan aiki, Google ya tanadi gini ta hanyar Ant, har da wani fayil mai suna custom_rules.xml domin umarnin mutum na kansa. Amma ginin da ake yi daga cikin Eclipse bai san da zamansa ba. Mutum ya gina a zaure ya sami abu ɗaya, ya gina a waje ya sami wani.

Abin da ya biyo baya shi ne babbar hujjata. A watan Mayu na 2013 Google ya gabatar da Android Studio, kuma ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyensa shi ne an mai da Gradle ita ce magini tilo, ko daga cikin zaure ko daga waje. Zubi na 1.0 ya fito a Disamba 2014, kuma a ƙarshen 2015 aka daina kula da tsohuwar hanyar Eclipse da Ant. Mutane sun yi ta gunagunin cewa ginin Gradle yana da nawa, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ba a koma baya ba, sai aka duƙufa wajen ƙara wa maginin sauri. Haka shi ma IntelliJ IDEA, wanda yake da nasa magini na cikin gida, a 2019 ya mai da miƙa gini ga Gradle shi ne abin da ake tararwa a kunne ga ayyukan da suke da takardar Gradle. Manyan kamfanonin nan ba su yi haka don sun ƙi sauri ba. Sun gane ne cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da wasu suka bi. A 2011 masu haɗa Maven da Eclipse suka fitar da zubi na 1.0 na manhajarsu mai suna m2e. Idan ta tarar da wani mataki a takardar gini wanda ba ta san yadda za ta yi da shi a ginin atomatik ba, sai ta sa jan tambari a kan fayil ɗin, ta ce ga mataki nan da ba a tanadar masa tsari ba, ka faɗa mini in aiwatar ko in ƙyale. Wannan saƙo ya sha tsinuwa daga masu rubuta manhaja, kuma na fahimci dalili, domin yana da naci, gyaransa kuma yana ƙazanta takardar. Duk da haka, idan aka ba ni zaɓi tsakanin yaron da zai dame ni da tambaya da wanda zai ce to ya tafi ya yi abin da ya ga dama, na farkon zan ɗauka. Wanda ya ga jan tambari ya san inda zai fara nema.

Ba zan rufe ido ga namu sakacin ba, mu ɗalibai da masu koyar da mu. A wurare da dama ana koya wa ɗalibi Java ne daga koren maɓalli zuwa koren maɓalli. Zai iya kai wa shekarar ƙarshe bai taɓa buɗe baƙin allon umarni ya gina aikinsa da hannu ba. A wurinsa zauren da harshen abu ɗaya ne. Irin wannan ɗalibi, ranar da zaure ya yi masa kunnen uwar shegu, ba shi da ma'aunin da zai gwada ya ga wa yake ƙarya. Da za a ware mako ɗaya rak a zangon farko, a ce kowa ya rufe zaure ya rubuta ant clean jar da yatsunsa, ya ga matakai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a allo, da an rage rabin wannan wahala. Amma wannan bai wanke masu ƙera zaure ba. Direba ya kamata ya san inji, gaskiya ne, sai dai hakan ba ya halatta wa mai ƙera mota ya sa birkin da wani lokaci ba a haɗe yake da taya ba.

Ga wanda yake cikin wannan hali a yanzu, hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka sa umarni ɗaya a gurbin da kake zargi, wanda ba ya yin komai sai buga wata kalma a allon sakamako, ko da sunan garinku ne. Ka latsa F6. Idan kalmar ba ta fito ba, to ba umarninka ne yake da kuskure ba, ba a karanta shi ba ne. Sai ka shiga saitin aikin, sashen gini, ka cire alamar da ke kan juyi lokacin adanawa. Ka kuma gaya wa abokin aikinka da baki ya cire nasa, tun da zaɓin ba ya bin aikin zuwa kwamfutarsa. Kafin ka miƙa aiki kuwa, ka share komai ka sake gini, ka shiga jakar dist ka ɗauko fayil ɗin .jar, ka kai shi wata kwamfutar da ba ta da zauren, ka gwada shi a can. Shi ne abin da malami zai buɗe.

Mu kuma masu fassara, idan aka turo mana hoton allo cike da É da Æ aka ce mu cire ƙugiya, kada mu yi saurin amincewa. Mu tambayi mai aikin wane zubin Java yake amfani da shi, ta wace hanya ya gina abin da ya ɗauki hotonsa, kuma ya gwada ɗaya hanyar tukuna ya sake turo mana hoto.